A ƙirga ƙofofin jirgi kafin a ƙirga kujerunsa

Akwai labarai biyu da suka ƙi zama wuri ɗaya a kaina. Ranar 2 ga Janairun 2024, jirgin Japan Airlines ƙirar A350 ya yi karo da wani ƙaramin jirgin masu gadin teku a filin Haneda da ke Tokyo, ya kama da wuta, amma mutum 379 da ke cikinsa duk suka fita da ransu. Duniya ta yi ta jinjina wa ma'aikatan cikin jirgin, su tara a jirgi mai ƙofa takwas. Ba a rufa shekara biyu ba, a 2025, sai ga FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta amince wa American Airlines ya tashi da wani rukunin jiragensa ƙirar 787, su ma masu ƙofa takwas, da ma'aikata bakwai idan ta kama. Wato akwai ƙofar da ba ta da mai ita.

Ra'ayina a nan bai da kwana-kwana. Lissafin da yawancin ƙasashe ke yi, ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, lissafi ne mai sauƙin rubutawa amma ba ya auna aikin da ake yi. Abin da ya dace a fara ƙirgawa shi ne manyan ƙofofi, kowace da mutuminta. Sannan duk wanda yake so ya tuhumi ma'aikacin jirgi kan sakaci, kuma ya kamata a tuhume shi idan ya yi, to ya fara nuna cewa an ba shi abokan aiki, an ba shi barci, an ba shi ikon cewa a'a.

Abin da dokar ta ce

Hukumar ICAO, wadda ke tsara ƙa'idojin sufurin sama na duniya daga Montreal, ba ta yanka adadi ba. Cewa ta yi kowane kamfani ya tsayar da mafi ƙarancin ma'aikata ga kowane irin jirgi, gwargwadon kujeru ko fasinjoji, yadda za a iya kwashe mutane cikin sauri da aminci, hukumar ƙasarsa kuma ta sa hannu.

A Amurka, jirgi mai kujeru har 50 ma'aikaci ɗaya ne, daga 51 zuwa 100 biyu, daga nan kuma duk ƙarin kujera 50 ko wani yanki nata ƙarin mutum ɗaya. A Turai jirgin da bai wuce kujera 19 ba yana iya tashi ba ma'aikaci ko ɗaya, sauran kuma ana bin adadin da aka tabbatar lokacin ba jirgin takardar shaida, ko ɗaya ga 50. Kanada ta daɗe a kan ɗaya ga fasinja 40, sai a 2015 ta ba kamfanoni zaɓin komawa ɗaya ga kujera 50. Ostireliya ta shafe shekaru a kan ɗaya ga fasinja 36 kafin ta fara sassautawa. A lura da alƙiblar: duk sauyin da aka yi wajen raguwa ya nufa.

Dokar tana kuma gyara jirgi ya dace da ita. Wajen 2007 kamfanin JetBlue ya cire kujeru shida daga jiragensa A320, suka sauko daga 156 zuwa 150 cif, ma'aikata suka koma uku maimakon huɗu. Manyan ƙofofin jirgin nan huɗu ne kafin a cire kujerun, huɗu ne bayan an cire. Tsawonsa bai ragu da taku ɗaya ba.

Me mutum yake yi a bakin ƙofa?

Mai ganin ai buɗe ƙofa ba ya buƙatar gwaninta bai san tsarin aikin ba. Kafin jirgi ya motsa, ana ɗana kowace babbar ƙofa: ana haɗa tsanin zamiya, wannan doguwar robar da ke naɗe a jikin ƙofar, da daɓen jirgi, yadda da an buɗe za ta faɗo ta hura kanta cikin sakanni kaɗan. Ma'aikaci ya ɗana tasa, ya duba ta abokinsa, abokin ya duba tasa, sannan a sanar da shugaban ma'aikata. Bayan sauka a kwance ɗanin kafin a buɗe. Wanda ya manta ya buɗe ƙofa a ɗane, tsanin zai fito da ƙarfin da zai iya raunata wanda ke tsaye a waje.

Ranar haɗari kuwa, aikin farko ba buɗewa ba ne, leƙawa ne. Akwai wuta a wannan gefen? Injin yana juyawa? Ƙofar tana ƙasan ruwa? Akwai tarkacen da zai fasa tsani? Idan hanya ba ta da kyau, aikinsa ya tare ƙofar da jikinsa, ya juya mutane zuwa wata, alhali suna turo shi suna ihu. Idan tana da kyau, ya buɗe, ya ja igiyar hura tsani ko da ya ga ya fara huruwa, ya riƙe mariƙin da ke jikin bango don kada cunkoso ya jefa shi waje, ya dakatar da mutane har tsanin ya cika, sannan ya fara daka tsawa: a bar kaya, a yi tsalle. Yana yi yana leƙen waje, domin ƙofar da take lafiya yanzu tana iya zama bakin wuta bayan sakan talatin.

A Haneda ƙofa uku kacal cikin takwas aka buɗe. Sauran biyar ɗin an bar su a rufe ne da gangan, saboda akwai masu leƙawa da suka ga wuta. Lasifikar jirgin ta mutu, sai da aka koma amfani da lasifikar hannu da maƙogwaro. Ƙofar baya ta hagu ma, da aka kasa samun ɗakin matuƙa ta waya, ma'aikatan wurin ne suka yanke shawarar buɗe ta. A ganina rabin nasarar ranar nan tana ga ƙofofin da ba a buɗe ba. Ƙofar da babu kowa a gabanta fasinja ne zai buɗe ta, kuma wanda hayaƙi ya turnuƙe ba ya tsayawa leƙe.

A ƙaramin jirgi mai hanyar tsakiya ɗaya, faɗin ciki bai kai mita huɗu ba, don haka ana iya jayayya cewa mutum ɗaya zai riƙe ƙofofi biyu masu kallon juna. Ni ban gamsu ba, amma hujja ce da za a saurara. A 787 faɗin ya kusa mita biyar da rabi, hanyoyi biyu ne, a tsakanin ƙofofin baya kuma ga kicin. Mutum ɗaya zai buɗe ta hagu, ya bar ta da jama'a, ya kutsa ta cikin masu gudu zuwa ta dama. Duk sakan ɗin da yake can, nan ba kowa.

"Ai an gwada, an fita cikin sakan 90"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma gwajin gaskiya ne. Kafin a yarda da sabon babban jirgi, sai an nuna cewa za a iya fitar da cikakken lodinsa cikin sakan 90, a cikin duhu, da rabin ƙofofi kawai, ma'aikata ba su san waɗanda za su yi aiki ba. Ana watsa jakunkuna da barguna a hanya. Dole kashi 40 cikin ɗari na masu gwajin su kasance mata, kashi 35 su haura shekara 50, a ɗauki 'yar tsana uku a matsayin jarirai. A 2006 a Hamburg an fitar da mutum 873 daga A380 cikin sakan 78 ta ƙofofi takwas cikin goma sha shida. Ko a wannan gwajin da aka shirya, mutum ɗaya ya karye a ƙafa.

To amma su wa ke cikin gwajin? Masu ƙoshin lafiya ne da suka zo da ƙafarsu, sun san za a ce su gudu. Ba mai keken guragu, ba tsohon da sai an riƙe shi, ba uwa mai 'ya'ya uku a kujeru daban-daban, ba wanda ba ya jin harshen da ake ba da umarni da shi. Ba hayaƙi mai guba, jirgin bai karkace ba, kuma babu ma'aikacin da ya suma. Wannan na ƙarshen shi ne babban giɓin. Lissafin mafi ƙaranci yana ɗauka cewa duk ma'aikatan za su miƙe tsaye bayan haɗari. A haɗarin jirgin kamfanin Asiana na Koriya ta Kudu a San Francisco a Yulin 2013, an yi wurgi da wasu ma'aikatan baya waje tun lokacin da wutsiyar jirgin ta ɓalle, tsani biyu kuma suka huru zuwa cikin jirgi suka danne ma'aikata. Waɗanda suka rage su suka yi aikin kowa.

Gwajin sakan 90 ma'auni ne na kwatanta jirgi da jirgi. Ba alkawari ba ne cewa haka za ta kasance. A Haneda sai da aka ɗauki kusan minti 18 kafin mutum na ƙarshe ya sauka.

Fasinjan bakin ƙofa ba ma'aikaci ba ne

Wasu za su ce ai dama akwai ƙofofin kan fiffike da fasinjoji ke buɗewa, me zai hana a ƙara dogara da su? Tarihi ya riga ya ba da amsa. A Manchester, ranar 22 ga Agustan 1985, injin wani jirgi ƙirar 737 ya fashe yana gudu a kan titin tashin jirage, matuƙa suka tsayar da shi lafiya, amma mutum 55 suka mutu, yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su. Fasinjar da ke zaune a bakin ƙofar fiffiken dama ta rasa yadda ake buɗewa, da aka ja marfin kuma, mai nauyin fiye da kilo 20, sai ya faɗo ciki ya danne ta. Daga wannan haɗarin ne aka faɗaɗa filin da ke gaban irin waɗannan ƙofofi, aka kuma ƙarfafa yi wa masu zama wurin bayani.

Bayanin nan na rabin minti ne, ana yin sa ga mutumin da galibi ya biya kuɗin kujerar don ya miƙe ƙafa. Yana gyaɗa kai idonsa na kan waya. Shi ne za a kwatanta da wanda ake sabunta wa horo duk wata goma sha biyu, aka sa shi ya buɗe ƙofa da hannunsa ya kashe wuta ta gaske? Kuma fasinja yana iya zama shi ne matsalar. A Mayun 2023 wani fasinjan Asiana ya buɗe ƙofar gaggawa ta A321 jirgin yana kimanin mita 200 daga ƙasa, dab da sauka a Daegu ta Koriya ta Kudu. A can sama matsin iska ba ya barin ƙofa ta buɗu, amma kusa da ƙasa matsin ya ragu. Bayan haka kamfanin ya daina sayar da wannan kujerar a irin waɗannan jiragen.

Haɗari ba kullum ba ne, amma aiki kullum ne

Gaskiya ne jirgin sama shi ne hanyar tafiya mafi aminci, kuma ma'aikata da yawa za su yi ritaya ba su taɓa hura tsani don ceton rai ba. Sai dai kwashe mutane ba shi kaɗai ne aikin ba, shi ne kawai wanda dokar ta ƙirga.

Ɗauki gobara a sama. Tsarin da ake koyarwa na mutum uku ne. Na farko ya sa hular kare hayaƙi, wadda iskarta ke kai minti 15, ya tunkari wutar da tukunyar kashe gobara. Na biyu ya riƙe waya yana faɗa wa matuƙa inda wutar take, launin hayaƙin, warinsa, da tukwane nawa aka ƙarar, domin da wannan bayanin ne kyaftin zai san ko ya karkata zuwa filin da ya fi kusa. Na uku ya riƙa kawo kayan aiki, ya janye fasinjoji, ya kawar da tukwanen oksijin daga wurin. A jirgi mai kujera 150 da ma'aikata uku, kowa ya shiga, ba wanda ya rage ga sauran mutanen. A mai kujera 50, mutum ɗaya ne zai zama ukun.

Lokaci kuma ba shi da yawa. A jirgin Swissair da ya faɗa teku kusa da Kanada a 1998, tsakanin jin warin farko da faɗuwa kimanin minti 20 ne. Yanzu kuma kowane fasinja yana ɗauke da batirin litiyom biyu ko uku, a waya, a kwamfuta, a fawa banki. Wutar irin wannan batiri ba ta mutuwa da feshi ɗaya. Sai an kashe harshen wutar, a yi ta kwarara ruwa har ya huce, ba ƙanƙara ba domin tana rufe zafin a ciki, a tsoma shi a ruwa, sannan a sa mutum ya zuba masa ido har a sauka. A Janairun 2025 wuta ta tashi a ma'ajiyar kaya ta sama a jirgin Air Busan a filin Gimhae na Koriya ta Kudu, ta cinye rufin jirgin. Mutum 176 sun tsira, kuma babban dalili shi ne jirgin bai riga ya tashi ba.

Haka idan zuciyar fasinja ta tsaya: ɗaya yana danna ƙirji, ɗaya yana kan na'urar farfaɗo da zuciya da oksijin, ɗaya yana waya, kuma mai danna ƙirji sai an canje shi duk bayan minti biyu. A kamfanonin da ba a barin matuƙi shi kaɗai a ɗakin tuƙi, duk sanda ɗaya ya fita bayi sai ma'aikaci ya shiga ya zauna, wani kuma ya tare hanya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin lissafin kujera 50.

Maganar kuɗi

Ba zan raina ta ba. Ƙarin mutum ɗaya a jirgi ba albashi ɗaya ba ne, domin kowane jirgi rukuni-rukunin ma'aikata ne ke juyawa a kansa, ga horo, ga masauki, ga alawus. Ribar kamfanonin jirgi siririya ce, kuma kuɗin a kan tikiti zai ƙare. Shi ya sa ban ce a sa mutum biyu a jirgi mai kujera 19 ba.

Kamfanoni kuma suna cewa mafi ƙarancin nan ba shi suke tashi da shi kullum ba, sai ranar da wani ya kwanta rashin lafiya a wata ƙasa, don kada a soke tafiyar mutum 250. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai maganin da ba ya taɓa ƙofa. Dokar Turai ta yarda a tashi da ragin ma'aikata a halin da ba a zata ba, da sharaɗin a rage fasinjoji, a sake musu wurin zama, a kuma kai wa hukuma rahoto. Wannan hanyar tana da ciwo ga kamfani, don haka ba ya mayar da ita al'ada. Idan kuwa aka sauke adadin a takarda gaba ɗaya, ciwon ya tafi, abin da aka ce na ranar larura ne sai ya zama shi ake tsara jadawali a kai duk lokacin da kasuwa ta matsa.

To, alhakin fa?

Kada wani ya ɗauka ina wanke ma'aikata ne. Akwai abubuwan da ke hannunsu ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya yi wasa da su bai cancanci rigar ba. Kafin fasinja na farko ya shigo, kowa yana da kayan da zai duba a yankinsa: allurar tukunyar kashe gobara da hatiminta, matsin tukunyar oksijin, matsin iskar tsani, tocila, lasifikar hannu, hatimin akwatin magani, na'urar jin hayaƙi a bayi. Wanda ya sa hannu ya ce ya duba alhali bai duba ba, ƙarya ya yi da ran mutane. Haka wanda ya bar keken abinci ba a kulle ba lokacin tashi, ko ya bar jaka a gaban ƙofar gaggawa don gudun rigima da fasinja, ko ya ce wa kyaftin ciki ya kimtsa bai zaga ba, ko ya zo aiki da maye a jikinsa. A Birtaniya iyakar barasar da aka yarda a samu a jinin ma'aikacin jirgi miligiram 20 ce a mililita 100, kashi ɗaya cikin huɗu na iyakar direban mota a Ingila, kuma hakan ya dace.

Babban alhakin ma shi ne buɗe baki. A Kegworth ta Ingila, Janairun 1989, injin hagu na wani 737 ne ya lalace, matuƙa suka kashe na dama. Kyaftin ya sanar ta lasifika cewa na dama ne ke da matsala. Fasinjoji da ma'aikatan baya sun ga tartsatsin wuta daga na hagu, ba wanda ya kai magana gaba, kowa yana ganin ai matuƙa sun fi shi sani. Mutum 47 suka mutu. Bayan wata biyu, a Dryden ta Kanada, ma'aikaciya ta ga dusar ƙanƙara ta taru a kan fiffike, fasinja ma ya yi mata magana, ba ta kira ɗakin matuƙa ba. Jirgin ya kasa ɗagawa, mutum 24 suka rasu.

Sai dai kwamitin da ya binciki Dryden bai tsaya a kanta ba. Ya tambayi me ya sa ta yi shiru, ya tarar da al'adar da ta koya wa ma'aikatan ciki cewa maganar fiffike da inji ba huruminsu ba ce. Daga irin waɗannan binciken ne aka fara haɗa matuƙa da ma'aikatan ciki a horo ɗaya. Da korarta kawai aka yi, da an bar jaki ana dukan taiki.

Don haka alhaki sai da iko. Ma'aikaci ya san a rubuce cewa yana da damar kiran matuƙa ko a ƙasa da ƙafa 10,000, inda doka ta hana hira a ɗakin tuƙi, muddin abin da ya gani ya shafi lafiyar jirgi. Ya san yana iya fara fitar da mutane da kansa idan ga wuta ko ruwa kuma matuƙa ba su amsa ba. Jirgin Saudia da ya koma Riyadh da gobara a Agustan 1980 ya sauka lafiya ƙalau, ya ci gaba da gangarawa, injina suka daɗe suna aiki, ba a buɗe ƙofa ko ɗaya daga ciki ba, mutum 301 suka mutu a jirgin da ke tsaye a ƙasa. Ikon kuma yana da haɗarinsa: a Chicago a 2016, ma'aikatan wani 767 mai cin wuta sun fara fitar da mutane injin hagu yana aiki, iskarsa ta kayar da fasinja ya ji mummunan rauni. Binciken ya gano sun yi ƙoƙarin kiran matuƙa amma wayar ta rikita su, domin iri biyu ce a jiragen kamfanin. Laifin wa ke nan? Wanda ya danna maɓalli cikin firgici, ko wanda ya horar da shi?

Kuskure daban, ganganci daban

Kamfanin da ke korar duk wanda ya yi kuskure ba ya rage kurakurai, rahoto yake ragewa. Wadda ta gane a tsakiyar tafiya cewa ta manta ba ta ɗana ƙofarta ba, idan ta san kora ce, ɗanawa za ta yi a ɓoye ta yi shiru. Kamfanin ba zai taɓa sanin cewa hakan na faruwa a duk lokacin da aka sauya jirgi a gurguje ba, ko cewa maɓallin sabon jirgin yana juyawa saɓanin na tsohon. Shi ya sa ƙa'idar ICAO ta ce manufar binciken haɗari hana aukuwar wani ne, ba rabon laifi ba, dokar Turai ta 2014 kuma ta kare mai kai rahoto daga hukunci sai in da ganganci ko mugun sakaci. Kuskure a gyara tsarin da ya haife shi. Al'adar yanke hanya, wadda kowa ke yi shugabanni suna gani, a tambayi shugabannin. Ganganci a hukunta, har da ƙwace takardar aiki.

Gajiya ma ta shiga nan. Sai a 2022 Amurka ta mayar da hutun ma'aikatan ciki awa 10 da ba a ragewa, a da tara ne ana iya mayar da shi takwas. Awa goman nan kuma daga tashi aiki take farawa zuwa komawa, har da jiran mota, hanyar masauki, cin abinci da shiri. Barcin da ya rage kowa ya lissafa. Lokacin shigar fasinjoji kuwa, wanda a cikinsa ake tantance masu zama bakin ƙofa, a gano wanda ya bugu, a lura da jakar da ta yi nauyi, kamfanoni da yawa a Arewacin Amurka ba sa biyan kuɗinsa, sai an rufe ƙofa agogon albashi ke farawa. Delta ta fara biyan rabin kuɗi a 2022, kuma wannan batu yana cikin abin da ya kai ma'aikatan Air Canada yajin aiki a Agustan 2025. Ba na ganin yadda za a ce wa mutum aikin nan na tsaron rai ne, sannan a nuna masa a takardar albashi cewa bai kai a biya ba.

Fasinja shi ma yana da nasa kason. A Toronto a 2005, a Dubai a 2016, an ga mutane suna sauko da jakunkuna jirgi yana ci da wuta. Kowace jaka tana cinye sakannin wanda ke baya, tana iya yaga tsani, ma'aikacin da ya tsaya ƙwatarta kuma ya bar ƙofarsa.

Abin da nake nema daga hukumomi bai fi ƙarfinsu ba. A manyan jirage masu hanya biyu, a rubuta a doka cewa kowace babbar ƙofa da ma'aikacinta, ba sassauci. Duk kamfanin da ya nemi a rage masa adadi, a wallafa takardar neman da hujjarsa kafin a amince, ƙungiyoyin ma'aikata da masu binciken haɗari su faɗi albarkacin bakinsu. Gwajin da za a dogara da shi ya haɗa da cire ma'aikaci ɗaya ba sanarwa, a ga abin da zai faru. Kowace shekara kuma kamfani ya bayyana sau nawa ya tashi da mafi ƙaranci, a wace hanya, da sa hannun manajan da lasisin kamfanin ke wuyansa.